Zogale da kurkum za su kare hantar mai shan maganin tibi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana ne aka ɗora shi kan maganin tarin fuka, yau sati uku kenan, sai wata maƙwabciyata ta ce maganin yana cin hanta, wai in riƙa dafa masa zogale da kurkum, har ta ce akwai na kafso a kemis. Dan Allah gaskiya ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam uwargida, Allah ya ba maigida lafiya. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, a cikin magunguna huɗun da ake sha a watanni biyun farko, uku suna iya taɓa hanta, wato isoniazid da rifampicin da pyrazinamide. Hanta ce ke sarrafa su, a wajen aikin kuma wasu gurɓatattun sinadarai kan fito su riƙa cin ƙwayoyinta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su kuwa zogale da kurkum da zoɓo suna ɗauke da abin da ake kira antioksidan, masu tare wannan ɓarna.

To amma fa, yawancin binciken da ya nuna suna kare hanta a kan ɓeraye aka yi shi, a ɗakin gwaji, da ma'aunin da ya fi ƙarfin tukunyar miyarki nesa ba kusa ba. A jikin ɗan Adam har yanzu hujjar ba ta yi ƙarfin da likita zai rubuta su a matsayin magani ba. Saboda haka ki yi masa kwaɗon zogalensa da ƙuli da tumatir da albasa, ya sha zoɓo, ai mai tibi yana buƙatar abinci mai kyau sosai.

Kafso ɗin nan kuwa wallahi shi ne ya fi tayar min da hankali. A Italiya a 2019 an samu mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkum, a Amurka ma an gani, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro dan jiki ya ƙara zuƙarsa. Hantar da take fama da magani uku kar a ƙara mata kaya, haka jiƙe-jiƙen da ba a san me aka zuba a ciki ba. Farasitamol ma kar ya riƙa sha barkatai, lafiyayyen babba ma ba ya wuce ƙwaya 8 na miligiram 500 a yini, shi kam ya tambayi likitansa tukuna.

Ki riƙa duba farin idonsa da safe a hasken rana. In kika ga ya yi rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya daina cin abinci, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ranar za ku koma asibiti a yi gwajin hanta, kar a kwana. Fitsari ja-ja kamar lemo shi kaɗai aikin rifampicin ne, kar ki tsorata. In ba a taɓa gwada shi ciwon hanta nau'in B ba ku roƙa a yi, yana da yawa a ƙasar nan. Kuma dan Allah kar tsoron hanta ya sa ya ajiye maganin da kansa, wata shidan da ake shan maganin sai an cika su, in ba haka ba cutar na iya dawowa ta ƙi jin magani.