Fankar lagireto ta tsaya, wacce zan saya?

Tambaya: Malam, fankar lagireton Corollata ta daina juyawa, mota na zafi a cunkoso. Ta kamfani ta yi tsada. In sayi 'yar China ko Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje? Direban tasi, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba fis da rile, masu kai wa fankar wuta, tukuna, sau da yawa su ne suka ƙone, fankar lafiyarta ƙalau. In ita ce, cire ta ka je da ita Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, a gwada soket da ramukan notinta da na sabuwar, a jona sabuwar da batir a gabanka. Dole ta riƙa jawo iska zuwa wajen inji. Na taɓa ganin wadda aka juya wa waya, tana tura iska baya, inji ya yi zafi har gaskit ya ƙone. Ni Beljiyam nake saya, muddin ba ta gurnani.