Zoben Tallafe Mahaifa: Zan Iya Daɗewa Da Shi?

Tambaya: Likita, shekaruna 58, kuma an saka mini zoben roba a gabana saboda zazzagowar mahaifa. Na samu sauƙi, amma ina fargabar ko barinsa na tsawon shekaru zai cutar da ni.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin mata da yawa suna shafe shekaru da wannan zobe na silikon (wata irin roba mai laushi) ba tare da an kai ga tiyata ba, muddin ana kula da shi. Wajibi ne ki riƙa komawa asibiti duk bayan wata 3 zuwa 6, a cire shi, a wanke, a kuma duba ko ya goge fatar cikin farji. Idan an koya miki cirewa da kanki, ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ya bushe, sannan ki mayar.

Abin da ya fi damuna shi ne mantuwa, domin zoben da aka yi watsi da shi shekara da shekaru yana iya cin nama har ya jawo yoyon fitsari. Bayan ɗaukewar al'ada fatar wurin takan sirance ta bushe, shi ya sa likita kan rubuta man shafawa mai estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada.

Da zarar kin ga jini, ko ruwa mai wari, ko kin ji ciwo, ko fitsari ya ƙi fita, ki garzaya asibiti, kada ki jira ranar da aka ba ki.