Amsa ga 'yar uwar da aka ce ƙaninta yana da tarin fuka a ƙashin baya

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce wata biyar ke nan yana fama da ciwo a tsakiyar baya, ƙasan kafaɗu, ga rama ga gumin dare, yanzu ƙafafunsa sun fara nauyi, likita ya ce tarin fuka ne ya kama ƙashin kuma wataƙila sai an yi aiki, dangi kuwa sun ce kada a yarda a taɓa masa baya tunda ko tari ba ya yi. Na ga tambayar tun da safe, na bari sai da na gama hidimar gida don in zauna in ba ki amsa a tsanake, saboda wannan ciwon ya kwantar da maigidana fiye da shekara.

Maganar tari ki ajiye ta gefe. Shi ma maigidan ko sau ɗaya bai yi ba. Ƙwayar cutar tana bin jini ta je ta zauna a ƙashi, kuma inda ta fi so shi ne ƙasusuwa 12 ɗin nan na baya da haƙarƙari ke manne da su. Tana cin gaban ƙashin a hankali har ya burma, sai bayan mutum ya lanƙwashe ya yi tsini. Da yawa daga cikin ƙusumbin da muke gani tun muna yara ana cewa aikin iska ne, wannan ne asalinsa. A takardar asibiti za ki ga an rubuta sunan Pott, wani likitan Ingila ne da ya bayyana ciwon tun 1779.

Mu da fari, da yake maigidan tela ne, kowa ya ce zaman keke ne. Aka sha maganin shawara, aka sha na basir, har wajen mai ɗori aka kai shi ya danna wurin ya ɗaure da kara. Ranar da hankalina ya tashi, ya fito daga masallaci takalmin ƙafar hagu ya zame a bakin ƙofa, ya yi ta tafiya har gida bai sani ba. Yaro ne ya biyo shi da shi a hannu.

A nan nake so ki natsu. Laka, wato babbar jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa, tana bi ta cikin waɗannan ƙasusuwa, kuma hanyarta a wannan wajen matsattsiya ce. Idan mugunya ko ɓaraguzan ƙashi suka danne ta, ƙafafu ne ke fara biyan kuɗin: nauyi, sagewa, wani lokaci su riƙa zabura da kansu da dare. Daga nan sai fitsari, ko ya ƙi fita ko ya zubo ba da sani ba. In kika ga ɗaya daga cikin na ƙarshen nan, ba maganar jiran ranar ganin likita ba ce, a ɗauke shi a daren. Lakar da aka saki da wuri tana iya farfaɗowa, wadda ta daɗe a danne kuwa ba kullum take dawowa ba.

Ba kowa ake wa aiki ba fa. Da yawa magani kaɗai ke tashinsu, har waɗanda ƙafarsu ta fara rauni. Hoton MRI ne ke raba gardama, don shi ke nuna laka, hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta. Da tsada, amma gara kuɗin ya tafi can da ya tafi wajen masu jiƙe-jiƙe. Ku nemi likitan ƙashi ko na ƙwaƙwalwa da laka, irin waɗanda ake samu a asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa.

Shi maigidan sai da aka yi, don sati uku da fara magani ƙafar sai ƙara mutuwa take. Likita ya zana mana a bayan kati cewa hanya biyu ce. Ko a shiga ta gefen ƙirji, a cire haƙarƙari ɗaya a kauce wa huhu, ko a shiga ta baya a kwashe abin da ya danne lakar a kafa kusoshi da sanduna biyu na ƙarfe su riƙe ƙashin. Ta baya aka yi masa. An nemi jini leda uku, mu muka kawo 'yan uwa, ki fara shirin wannan tun yanzu. Kwana tara bayan aikin ina shafa masa mai sai na ga babban yatsansa ya motsa. Na ce ya sake, ya sake. Ban san sanda na yi guɗa a ɗakin marasa lafiya ba, har nas ta leƙo tana faɗa.

Amma ƙarfe ba ya kashe ƙwayar cuta, magani ke kashewa. Kyauta ake bayarwa a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tarin fuka, kuma na ƙashi wata 12 ne a Najeriya, ba wata 6 irin na huhu ba: wata 2 ana shan haɗin magani huɗu, wata 10 ana shan biyu. Da sassafe ake sha kafin a karya. Fitsarinsa zai yi ja kamar an jiƙa zoɓo, kada ku tsorata, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan. Wanda za ku koma asibiti a kansa shi ne idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi. Wajen wata na huɗu zai ji garau ya ce ya gaji da ƙwaya, nan ne rigimarku za ta fara. Ni a gabana yake haɗiyewa, ina yin maki a kalanda.

In ya kai ga kwanciya, ku riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, ku duba ƙugu da diddige. Mun yi sakaci kwana biyu kacal, gyambon da ya fito sai da ya ci wata biyu. Sannan kada ku raina masu gashin ƙashi, su suka fitar da maigidan daga keken guragu zuwa sanda.

Yanzu maigidan ya koma shago. Yana ɗan jan ƙafar hagu, bayan bai miƙe sarai ba, kuma keken ɗinki na ƙafa ya gagare shi, sai muka sa wa keken injin lantarki. Ki turo min abin da aka rubuta a sakamakon hoton ta akwatin saƙo, in gaya miki tambayoyin da za ki yi wa likitan ranar da za ku koma.