Amsa ga Hajiyar da ta ga tauraro mai tsini biyar a wuyan 'yarta

Wallahi Hajiya, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Baƙaƙen kaya, tauraro a wuya, ƙoƙon kai na roba da baƙin kyandir a kan tebur, duk na gani a ɗakin tawa 'yar a nan Birmingham. Kina tambaya ko maita ta shiga. Ki ɗan kwantar da hankalinki tukuna.

Abin da yaran nan ke kwasowa a TikTok, yawanci tushensa Wicca ne, addinin da wani Bature, Gerald Gardner, ya fito da shi fili a 1954, bayan Ingila ta soke dokar hana maita a 1951. Ba ruwansu da kama kurwa irin na mayun gida. Tsinin tauraron a wurinsu ƙasa ce, iska, wuta da ruwa, na sama kuma ruhi. Baƙi launin dare ne da kariya. Ƙoƙon kai na tuna magabata ne, musamman daren 31 ga Oktoba da suke kira Samhain. Siffar mutum mai ƙahon barewa da ake gani a kayansu kuwa, sun ce abin bautarsu ne na daji, ba Shaiɗan ba. Wanda za ki sa wa ido shi ne tauraro a kife da kan bunsuru a ciki, tambarin cocin Shaiɗan da Anton LaVey ya kafa a Amurka a 1966. Ni dai a musulunce duk shirka ce, ba na ɓoyewa.

Amma ba kyandir ne ya hana ni barci ba. Ƙanwar mijina ce ta zo hutu, ta faɗa ɗakin yarinya ba sallama, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi a gida. Kafin magariba 'yata ta zama mayya. Yarinya 'yar shekara 15! Har wata ta hana 'ya'yanta ɗaga wayarta. Ita kuwa munafukar tana falona tana cin tuwona, tana ce min "Yaya, sai addu'a." Har yau ko haƙuri ba ta ba ni ba. Allah ya isa.

Don Allah kar ki ƙona kayan 'yarki a gabanta. Ki zaunar da ita ki ji wa ke takura mata a makaranta, tawa 'yan ajinsu ne suka ware ta. Falaƙi da Nasi ki tofa mata da kanki, kar wani ya karɓe miki kuɗi da sunan cire aljani. In kuma baƙi za su sauka gidanki, ki sa wa ɗakinta makulli.