Zaɓin tambaya a jarrabawar WASSCE: akwai adalci kuwa?

Hajiya, kin tambaya ko adalci ne a ce 'yarki ta amsa tambaya ɗaya, ƙawarta ta amsa wata daban, sannan WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, ta auna su da mudu ɗaya. Gaskiya ba cikakken adalci ba ne, domin da wuya tambayoyi biyu su yi nauyi ɗaya, ko da masu tsara su sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma a insha'in Turanci abin da sauƙi: ko wasiƙa yaro ya zaɓa ko labari, abu huɗu mai duba takarda yake bi, wato ƙunshiya, tsari, iya sarrafa harshe, da kurakuran nahawu da rubutu. Inda na fi jin tsoro shi ne darussa irin su tarihi, inda ɗalibi zai tsallake rabin manhaja ya dace da abin da ya haddace.

Sharaɗin cin moriyar wannan tsari shi ne yaro ya iya zaɓen, don shi ma darasi ne. Ina koyar da 'yan aji uku na babbar sakandare da yamma a nan unguwar Nima a Ghana, kuma a gwajin da muka yi bara wata yarinya mai ƙoƙari ta ɗauki labari saboda ta ga kamar ya fi sauƙi. Ta cika shafi guda, labarin ya ƙi tafiya, ta soke ta koma wasiƙa, lokaci ya ƙare ba ta kai kalma 450 ɗin da ake nema ba. Har yau abin yana damuna. Ki samo wa 'yarki tsofaffin takardun jarrabawa, ki sa mata agogo, ta saba karanta tambayoyin duka cikin minti biyar kafin ta ɗora biro.