Tambayoyinku: Maganin Damuwa da Lafiyar Zuciya

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa likita ya ɗora mahaifiyarta kan sertraline saboda ciwon damuwa, ga ta kuma da ciwon zuciya, sai maƙwabciya ta ce musu amitriptyline ya fi arha kuma ai duk abu ɗaya ne. Wai ta canza?

Kar ki canza 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, likitan ya san abin da ya yi. Amitriptyline da ɗan uwansa imipramine tsofaffin magunguna ne tun wajen 1960, da aka gwada su kan karnuka da zomaye an ga suna rage gudun wutar da ke sa zuciya bugawa, jini ya sauka, in an ƙara yawa kuma bugun ya rikice gaba ɗaya. Sertraline ya fi sauƙi ga zuciya, har a 2002 an fitar da sakamakon gwajinsa kan masu ciwon zuciya aka ga bai ƙara musu matsala ba. Allah Ya ba Mama lafiya.

Wani kuma cewa ya yi me ya haɗa shi da ɓera da za a ce an gwada magani a kansa. Malam, zuciyar ɓera tana buga sama da 300 a minti, masu binciken sun fi ka sanin haka, shi ya sa suke haɗawa da kare kafin a zo kan mutum. Ko kai za ka ba da taka a fara?

Mai tambaya kan citalopram, wani maganin damuwa da Babanta ke sha: tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kar a wuce 40mg a rana, wanda ya haura shekara 60 kuma 20mg. Ki nemi a yi wa Baba gwajin ECG, wato awon bugun zuciya. Venlafaxine kuwa, shi ma maganin damuwa ne, yana iya tayar da jini, mai hawan jini ya riƙa awo.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda amitriptyline ya koma maganin barci a unguwanni. Mutum ya shiga kemis ya ce ba ya barci, yaron shago ya ƙirgo masa ƙwayoyi a leda, babu kwali, babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewa, ba a tambaye shi ko yana da ciwon zuciya ba, shi kuma in ɗaya bai yi ba ya ƙara biyu. Sannan a ajiye ledar kan madubi inda yaro zai kai hannu, alhali ƙwayoyi kaɗan sun isa su tsayar da zuciyar ƙaramin yaro. Kuɗin da kuke ganin kun rage ba zai biya gadon asibiti na kwana ɗaya ba wallahi. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ku je a rubuta muku. Wanda kuma ya daɗe yana sha kar ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.