Hukuncin cin bashi don yin digirin motsa jiki da wasanni

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na samu gurbin karatu a jami'a fannin motsa jiki da wasanni, burina in zama malamin wasanni a makaranta ko koci. Kuɗin makarantar sun fi ƙarfin gidanmu sai dai in ci bashin ɗalibai, kuma ana ta ce min albashin aikin bai taka kara ya karya ba, wai zan tsufa ina biyan bashi. Mahaifina yace in tambayi malamai. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi maka albarka kai da mahaifinka da ya turo ka tambaya kafin ka sa hannu a takarda, don da yawa sai bayan sun sa hannun suke zuwa.

Karatun kansa babu laifi, alheri ne ma. Annabi (SAW) yace mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa a wurin Allah akan mumini mai rauni, Muslim ne ya ruwaito, kuma ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ka dai kiyaye al'aura da lokacin sallah da caca a harkar wasa.

Toh inda maganar take shine bashin. Ka ɗauko takardar ka karanta da kyau, an rubuta ƙari akan abinda zaka karɓa ko ba'a rubuta ba? Idan sharaɗin shine ka mayar da fiye da abinda aka baka saboda jinkiri, wannan riba ce ko da wane suna aka sa mata, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba a suratul Baƙara aya ta 275, kuma hadisin Jabir a Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu duk a tsinuwa ɗaya. Wasu malaman zamani sun sassauta akan irin tsarin Ingila, inda ba zaka fara biya ba sai albashinka ya wuce wani mizani, ana cire kashi 9 cikin 100 na abinda ya haura, in shekaru 30 ko 40 suka cika a yafe saura, suna ganin ya fi kama da harajin masu digiri. Wasu sun ƙi saboda ƙarin a rubuce yake. Ni abinda zuciyata ta natsu da shi shine kada ka shiga, don lalurar da ke halatta haram ba ta tabbata a kanka ba tunda wannan fanni ana karanta shi a makarantu masu sauƙin kuɗi.

In kuma bashin babu ƙari, ya halatta, Annabi da kansa ya ci bashi, ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude akan sa'i 30 na sha'ir. Amma halatta daban, dacewa da kai daban. Annabi ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallah, da aka tambaye shi dalili sai yace mutum in bashi ya kama shi zai yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. An taɓa kawo gawa ana binta dinare 3 ya ƙi yi mata sallah sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Shahidi ma an gafarta masa komai banda bashi.

Shi ya sa lissafin albashi da bashin nan yana daga cikin hukuncin. Ka samu malamin wasanni wanda ya fara aiki bara ko bara waccan, ka tambaye shi nawa ke shigowa hannunsa a wata bayan an cire haraji da fansho, kada ka yi lissafi da albashin kocin babbar ƙungiya da kake gani a talabijin, waɗannan ƴan tsiraru ne, da yawa daga masu digirin nan aji da filin makaranta suke ƙarewa. Sai ka ɗauki biro, ka cire haya, abinci, kuɗin mota, abinda zaka miƙa wa iyaye, ga aure na tafe, abinda ya rage shine ƙarfin biyanka. Ni ina ganin in jimlar bashin ta wuce albashin shekara guda na sabon ma'aikaci to ka ɗauko kayan da suka fi ƙarfin wuyanka, wannan shawarata ce ba nassi ba. Hadisin Bukhari yace wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin biya Allah zai biya masa, amma wanda ya ga lissafi baya fita ya rufe ido ya karɓa, ina tsoron niyyar biyan tasa ta baki ce kawai.

Kafin nan ka nemi tallafin karatu, musamman in kana da bajinta a wani wasa, ka duba makarantar gwamnati mai araha, ko ka haɗa karatu da aiki ko da zai ja ka shekara ɗaya ƙari. In dangi ne za su ranta maka, a rubuta da shaidu da ranar biya kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni, kuma ka yi istihara kafin ka amsa wa jami'ar. Wallahu a'alam.